MUNDUWAR HAJIYA DA GIWAYEN YANKARI

A ƙasan akwatin ƙarfen da Malam yake ajiye takardunsa, ƙarƙashin takardar barin aiki da ta fansho, akwai wata munduwa ta hauren giwa wadda ya saya wa matarsa cikin shekarar 1978. Hajiya ta yi ado da ita shekara da shekaru, har farinta ya rine ya koma kamar na man shanu. Sa'ad da Allah ya yi mata rasuwa aka zo rabon abin da ta bari, sai Malam ya roƙi 'ya'yansa su bar masa wannan guda ɗaya, ya ce in jikanyarsa mai sunan marigayiyar ta kawo ƙarfi zai ba ta da hannunsa. Yarinyar kuwa ba ya kiranta sai da Amarya, bisa wasan nan na kaka da jika, ita ma in ta so tsokana sai ta ce masa Ango.

Yadda munduwar ta zo hannunsa shi ne, a wancan zamani Malam yana saurayin malami a wata kwalejin horon malamai, lokacin da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya sa kwalejoji suka cika maƙil. Cikin hutun bazara aka ba shi ɗalibai wajen 40 da babbar motar kwaleji, aka ce ya kai su Gandun Dajin Yankari cikin Jihar Bauci su buɗe ido. Dajin nan Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince a keɓe shi cikin 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba 1962, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne. Da yammacin ranar da suka sauka, suna bin gefen Kogin Gaji, sai ga garken giwaye ya fito daga cikin kurmi zai ƙetare hanya. Direba ya kashe mota. Suka yi tsit wajen rabin sa'a, manya na wucewa, ƙanana na bin ƙafafun iyayensu, har ɗalibin da ya fi kowa surutu a aji ya kasa cewa uffan. Malam ya sha ba da wannan labari a gida har 'ya'yansa suka haddace shi.

Abin da ba ya cika haɗawa cikin labarin shi ne sauran ayyukan da suka yi a tafiyar. Sun jefa wa gwaggon birai burodi don su ga yadda suke rububi. Sun wanke tufafinsu da sabulu a bakin maɓuɓɓugar Wikki. Sun ci kifin gwangwani sun watsar da gwangwanayen a gindin itace. A hanyar komawa sun sayi bandar naman daji, ba wanda ya tambayi maharbin inda ya harbo. Sa'an nan a ƙofar wani otel cikin wani gari, Malam ya ga ɗan koli ya baje kayan fata da na tagulla a kan tabarma, da mundaye farare a gefe guda. Aurensa bai cika wata huɗu ba a lokacin. Ya taya ɗaya, aka sallama, ya sa aljihu yana murna. Ko kusa bai kawo a ransa cewa abin da ke aljihunsa daga bakin irin dabbar da ya tsaya kallo shekaranjiya aka ciro shi ba.

Ba za a ce mugunta ce ta sa shi ba, domin a lokacin kowa haka yake yi, Bature da baƙar fata. Amma cinikin da kowa ya ɗauka ba kome ba ne shi ya kusan ƙarar da giwayen Afirka. An ƙiyasta cewa cikin 1979 akwai giwa wajen miliyan 1.3 a nahiyar, kafin 1989 sun koma wajen 600,000. Nijeriya ta kafa dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa cikin 1985, ƙasashen duniya kuma suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa cikin 1989. Malam ya karanta duk wannan a jarida a lokacinsa, ya ɗaga kai ya dubi hannun Hajiya tana tankaɗe, ya mai da kansa kan jarida.

Shekara 45 bayan tafiyar farko, watau cikin Disamba 2023, 'ya'yansa uku da ke Kano suka shirya kai yara hutun ƙarshen shekara, suka nemi shawararsa. Ya ce Yankari, kuma da shi za a tafi. Tun daga ranar gidan bai sake samun sakat ba. Kowane ɗa yana so ya tafi da motarsa, Malam ya ce mota uku domin mutum 14 almubazzaranci ne, a ɗauki bas ɗaya. Ya kawo hujjar hayaƙi da ƙura da firgita dabbobi, ba wanda ya saurare shi. Abin da ya raba gardama shi ne kuɗin mai, domin bayan janye tallafi cikin Mayu na shekarar lita ta haura naira 600, da aka buga lissafin mota uku zuwa da dawowa sai kowa ya ga ashe tsoho yana da gaskiya. Malam bai damu da ƙofar da gaskiyar ta shigo ba. Ya kuma hana sayen ledojin fiya wata, ya sa aka cika jarkoki aka ba kowane yaro kofinsa, ya ce duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga abin da ake cirowa daga tumbin saniya ya san aikin leda. Ya ɗauko buhu biyu babu kome ciki, ya ce na shara ne. Jikoki suka laƙaba masa suna Duba-gari.

Abu ɗaya ne bai sa baki a kai ba, shi ne abinci. Surukansa mata suka yi lodin shinkafa da taliya da mai da soyayyen nama, har albasa da tumatir daga Kano aka ɗauka, don kada a sayi kome a hanya. Malam ya ga wannan tsimi ne, ya sa musu albarka.

Suka bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauci, suka ɗauki hanyar Gombe, suka karkata a Dindima, suka isa ƙofar daji a Mainamaji. Daga nan zuwa masaukin Wikki akwai kilomita 40 da 'yan kai cikin itatuwan kawo da taramniya. Ba su gama sauke kaya ba birai suka kewaye su. Ƙaramin jikan Malam ya ɓare biskit ya jefa, kafin a ankara wani ƙaton namiji ya zaburo ya fizge ledar gaba ɗaya daga hannunsa, yaro ya faɗi yana tsala ihu. Uban ya ɗauki dutse. Wani ma'aikaci ya matso ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ba laifinsa ba ne. Baƙi ne suka koya musu cewa hannun mutum rumbu ne. Wanda aka saba ba shi, ran da aka hana shi ƙwata zai yi." Malam ya buɗe baki zai yi wa yaron faɗa, sai ya tuna da burodin 1978, ya rufe bakinsa. Biran da suka ci burodin nan sun daɗe da mutuwa, amma jikokinsu ne waɗannan, kuma karatun bai ɓace ba.

Maɓuɓɓugar Wikki kuwa tana nan yadda ya bar ta. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin farin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yara suka faɗa ciki suka manta da biri. Da wata surukarsa ta fito da sabulu da soso, Malam ya ce mata a hankali, "'Yata, ajiye wannan sai mun koma ɗaki." Ya nuna mata inda ruwan yake malala. Miliyoyin litoci ne kowace rana suke gangarawa cikin Gaji, Gaji kuwa ita ce randar dajin duka in rani ya yi tsanani. Kumfar da mutum ya wanke a nan ɓauna ce za ta sha ta a can.

Kashegari da sassafe suka shiga motar zagaya daji tare da ja-gora, wani magidanci mai ƙarancin magana wanda ya ce ya yi shekara 20 yana wannan aiki. Suka ga gwanki da gwambaza da mazo, suka ga mugun dawa yana gudu da wutsiya a miƙe, suka ga burtu yana tafiyar isa, da kada kwance a bakin ruwa kamar gungume. Ƙudan tsando ya ciji kowa ba tare da zaɓe ba. Giwa kuwa sai kashinta a hanya, da rassan kawo da ta karya, da sawun ƙafa wanda Amarya ta sa ƙafafunta biyu ciki suka shige. Da yamma suka sake fita, suka sake dawowa haka nan.

A fita ta biyun ne babban ɗan Malam ya ƙosa. Mutum ne ɗan kasuwa wanda ya saba in ya biya a ba shi. Da ja-gora ya nuna wani kurmi can nesa ya ce yana jin suna ciki, sai ya zaro kuɗi ya dunƙule ya miƙa masa, ya ce a saki hanya a kutsa da mota, yara sun zo daga nesa. Ja-gora ya dubi kuɗin, ba shakka sun fi abin da yake samu a mako, ya ce, "Alhaji, mai da aljihu. In na shiga da ku, ɗayan biyu ne. Ko su gudu su bar inuwarsu da ruwansu cikin wannan rana, ko uwar garke ta juyo kanmu, domin akwai ƙanana. In ta taɓa mutum, ita za a ce ta yi laifi. Ku jibi kuna Kano, ni da su muna nan."

Alhaji ya juya wajen mahaifinsa yana neman goyon baya. "Baba, kai fa ka gan su har rabin sa'a." Malam ya ce, "Na gan su, domin a lokacin suna da yawa kuma ba su san tsoron mota ba. Mai da kuɗinka."

Lissafin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dajin ya zama na Gwamnatin Tarayya cikin 1991, ya koma hannun Jihar Bauci cikin 2006, a shekarar ce kuma aka ƙidaya giwayensa ta jirgin sama aka sami 348. Bayan 'yan shekaru na ɓarnar mafarautan haure, ƙiyasin ya sauko tsakanin 100 da 150. Duk da haka garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma sai bayan shekara 4 ko 5 take sake haihuwa, saboda haka abin da bindiga ta ɗauke a dare ɗaya sai a yi shekaru ba a mai da shi ba. Waɗanda suka tsira kuwa sun yi karatu irin nasu, kamar yadda birai suka yi nasu: sun koyi nisantar mutum.

Ran nan da dare yara suka kwanta da fushi. Aka lallashe su da safe da zuwa kogunan dutse na Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa cikin dutse, inda Duba-gari ya ƙwace ƙusa daga hannun wani jika da ke shirin rubuta sunansa a bango. Sa'an nan aka yi haramar gida, buhunan shara biyu cike a bayan bas, direba yana gunaguni wai bai taɓa ɗauko bola daga wata jiha zuwa wata ba.

Sun fita daji ke nan azahar ta yi, suka tsaya salla a wani ƙauye da ke bakin iyaka. Bayan an sallame, wani dattijo sa'an Malam ya miƙo hannu suka gaisa, ya ce, "Baƙi daga ina?" Aka ce Kano. "Kun ga giwa?" Aka ce Allah bai nufa ba. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ai da kun zo gonata da kaka, da kun gan ta kyauta, har ku taya ni kora."

Malam ya gyara zama a kan tabarma ya ce a ba shi labari. Dattijon ya ce dawarsa ta yi kai, saura kwana kaɗan a yanka, cikin dare sai suka ji karyar kara kamar ana cin wuta. Suka fita da tocila da ganguna da garewani, suka hura wuta, suka yi ihu har muryoyinsu suka dushe. Giwa takwas ce. Sai da suka ga dama suka tafi. Gari ya waye, gonar da ke ciyar da mutum 11 ta koma kamar fagen dambe, abin da ba su ci ba sun tattake. Babbar giwa guda tana iya cin abin da ya kai kilo 150 a yini, mai karatu sai ya auna da takwas. Ya ce bana hatsi saye yake yi, ya sai da awaki biyu, na ukun yana kan hanya.

Bai faɗi wannan da ɗaci ba. Ya ce an sami sauƙi bisa dā, domin tun da ƙungiyar nan ta kare namun daji mai suna WCS ta shigo tana taimakon masu gadin daji, an ɗaura wa waɗansu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan adam, an kuma ɗauki samarin ƙauyuka aikin sa ido, in garke ya doso gonaki su yi shela. Wani lokaci a tare su, wani lokaci su riga kowa. Sa'an nan ya dubi bas ɗin da ke tsaye a inuwa ya ce, "Malam, ba ƙorafi nake yi ba. Motocinku dai muna ganinsu shekara da shekaru, su shiga su fito. An ce giwar nan dukiya ce. Mu dai ƙurar hanya ce rabonmu."

Malam ya bi idonsa ya dubi bas ɗin shi ma. Ta taga ana hango kuloli da ragowar buhun shinkafa da kwandon albasar Kano. Kwana uku mutum 14 sun ci sun sha a ƙasar mutanen nan, ban da kuɗin ƙofa da na ɗaki ba su bar ko kwabo a hannun kowa ba. Ya yi ta fama da leda da sabulu da ƙusa, yana ganin ya biya bashin 1978, ashe babban kuskuren yana cikin abin da ya sa wa albarka tun daga gida.

Lalle maganar dattijon nan ta fi ta ja-gora nauyi. Mai gadi da bindiga yana da iyakar inda ƙafarsa za ta kai cikin daji mai wannan faɗi. Maharbin haure kuwa ba daga sama yake faɗowa ba, sai ya ratsa ƙauye, ya sha ruwa a rijiyar wani, wani ya ga sawunsa. Ko a kai rahotonsa ko a kau da kai, wannan yana ga abin da giwa take a wurin mutanen ƙauyen, ko maƙwabciya mai amfani ko ɓarauniyar hatsi da hukuma ta tsaya wa. Mai ziyara ba shi ne zai biya diyyar gona ba, wannan aikin hukuma ne, kuma nauyi ne da bai kamata ta yi wasa da shi ba. Amma baƙon da ya zo da guzurinsa har gishiri, ya ɗauki hoto ya tafi, ya ƙara wa maganar ƙura gaskiya.

Malam ya tambaya ko akwai abin sayarwa a garin. Nan da nan aka fito da gyaɗa da wake da zuma da kaji, wata tsohuwa ta kawo faifai da tabarmin kaba. Ya sayi abin da bas za ta iya ɗauka, bai taya ba, yadda aka faɗa haka ya biya. Surukarsa ta raɗa masa cewa an tsuga masa kuɗin zumar, ya ce ya sani. Alhaji, wanda kuɗinsa suka dawo aljihu jiya, ya fito da su ya saye kajin duka. Ba wanda ya ruɗi kansa cewa wannan ya mai da dawar da aka tattake, dattijon ma bai ce haka ba. Ya dai riƙe hannun Malam ya raka shi har bakin mota, ya ce in sun sake zuwa su aiko tun da wuri, matan gari sun iya tuwo, ba sai an ɗauko tukunya daga Kano ba.

Bayan sun koma da mako biyu, cikin Janairu 2024, Malam yana zaune a zaure da rediyonsa sai ya ji an ce Gwamnatin Tarayya ta niƙe hauren giwa wajen tan 2.5 a Abuja, wanda aka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri, don kada ya sake komawa kasuwa. Amarya tana gefe tana ɓare gyaɗar da aka zo da ita. Ta daina ɓarewa.

"Malam," in ji ta, ba ta ce Ango ba, "munduwar Hajiya da ka ce za ka ba ni, ita ma ta giwa ce?"

Ya ce, "Ta giwa ce."

"Ta Yankari?"

"Ban tambaya ba, Amarya. Da bakina a lokacin, amma ban tambaya ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo akwatin, ya ɗaga takardu ya fito da ita. Ya gaya mata cewa bara wani dillalin tsofaffin kaya ya ji labarinta ya zo har gida ya yi tayi mai tsoka, ya hana, a lokacin don Hajiya ne kawai. Yarinyar ta karɓa ta juya ta a tafin hannu, ta sa yatsa ta bi wurin da ya lashe saboda daɗewa a hannun kakarta. Ta kai ta bakin yatsunta kamar za ta zura, sai ta fasa.

"Ka ajiye mini," ta ce. "Ba zan sa ba. Amma kada ka sayar wa mutumin nan."

Malam ya naɗe munduwar cikin wani tsohon ɗankwalin Hajiya ya mai da ita ƙarƙashin takardar fansho, ya rufe akwati. Amarya ta koma kan gyaɗarta, can ta ɗago ta ce, "To Ango, yaushe za mu koma? Ni fa sawu kawai na gani." Ya ce sai cikin Maris ko Afrilu, in ruwan tafkuna ya ƙafe, dabbobi suka gangaro Gaji, kuma ta gaya wa uwarta wannan karon ba a ɗaukar albasa.